Yadda Mai Fatsar Ƙuda Yake Jiran Wucewar Hunturu a Arewacin Ingila

Wani ƙanena da ya zo karatu Leeds ya sayi sandar fatsa a watan Disamba, ya bugo mini waya yana tambayar wace Asabar za mu tafi kogi. Na ce masa sai 25 ga Maris, in Allah ya kai mu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, wata uku ke nan ina zaune ina kallon sanda?" Na ce a'a, wata uku ne na aiki, kuma wanda bai yi aikin nan ba shi ne ke komawa gida da rana tsaka ranar buɗe kogi, da jiƙaƙƙen wando da igiya a harɗe. Don shi da ire-irensa na rubuta wannan.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fatsar ƙuda ta bambanta da fatsar da muka sani a gida. Ba a soka tana ko ƙullin gari a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake naɗawa a jikinta har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci, kuma babu dalma, nauyin igiyar ne da kanta yake kai ƙudan inda ake so. Kifin da muke nema iri biyu ne: tirawut mai jajayen ɗigo a jiki, da gireling mai doguwar tuta a gadon baya. Ni kogin Wharfe na fi sani, wanda ya gangaro daga tsaunukan Yorkshire ya bi ta Grassington, Burnsall, Bolton Abbey, Ilkley da Otley, ya je ya faɗa kogin Ouse. Da shi zan yi ta ba da misali.

Kayan da za ka tanada

Na kamun kifin kansa: sanda mai tsawon ƙafa 9 lamba 5, ko ƙafa 8 da rabi lamba 4, kwarkwaron naɗe igiya, igiya mai yawo a saman ruwa wadda lambarta ta yi daidai da ta sandar, tsarkiya, wato siririn nailan da ke tsakanin igiya da ƙuda, mai tsawon ƙafa 9, ƙarin nailan na bakin tsarkiya mai kaurin milimita 0.15 da 0.13, wandon shiga ruwa da takalminsa da bel, sandar dogarawa, rigar ceto mai kumbura kanta, tabarau, ragar ɗaukar kifi.

Na gyara: sabulu mara ƙarfi, tsumma mai laushi, guntun kyandir, auduga, tocila, sifirit na kemis a kwalbar feshi, gam ɗin like wandon ruwa, man keken ɗinki.

Na ɗaura ƙuda: mariƙin ƙugiya da ake kafawa a tebur, ƙaramin almakashi mai tsini, mariƙin zare, ƙugiyoyi marasa ƙaya lamba 14 da 16, zare ruwan lemo da rawaya da ruwan ƙasa, siririyar wayar tagulla, gashin makwarwar Turai, gashin wutsiyar tsuntsun fizan, gashin zomo, da duwatsun ado masu nauyi na ƙarfen tungsten milimita 2.5 da 3. Sai fitila mai haske sosai.

Na ƙarshe, littafin rubutu da biro. Kada ka raina shi, za ka ga amfaninsa a mataki na 6.

In kuɗi bai kai ba, fara da kayan gyara da littafin. Mariƙin ƙugiya na hannu ana samunsa da araha, kuma ƙungiyoyin masu fatsa da yawa suna zaman koyon ɗaura ƙuda da daddare a hunturu, inda za a ba ka aron kaya har ka ga ko abin ya shiga ranka.

1. Rubuta ranakun doka ka manna a bango

A Yorkshire an hana kama tirawut a kogi daga 1 ga Oktoba zuwa 24 ga Maris, ana buɗewa 25 ga Maris. A arewa maso yammacin Ingila 15 ga Maris ake buɗewa. A Scotland lokacin yana kamawa daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba. Gireling kuwa a Ingila dokarsa daban ce: an hana kama shi a kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, saboda da bazara yake yin ƙwai. Ka lura da abin da wannan ya haifar a Yorkshire: daga 15 zuwa 24 ga Maris babu tirawut babu gireling, kwana 10 cur kogin a rufe yake. Sababbin shiga da yawa nan suke faɗawa cikin laifi ba da gangan ba.

Dalilin hanin ba ɓoyayye ba ne. Tirawut yana zuba ƙwai ne daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, kuma yana fitowa daga wannan aiki a rame. Duk wanda ya san Argungu ya san wannan hikima, yadda ake killace Matan Fada a hana su a cikinsa har sai ranar biki. Ruwan da aka bari ya huta shi ke ba da kifi.

Takarda biyu kake buƙata, kuma mutane na yawan ɗaukarsu abu ɗaya. Ta farko lasisin sanda na hukumar kula da muhalli ta Ingila, wanda ya wajaba a kan duk mai shekara 13 zuwa sama. 'Yan 13 zuwa 16 kyauta ne amma sai sun yi rajista. Akwai na kwana 1, na kwana 8, da na wata 12, kuma tarar kamun kifi babu shi tana iya kaiwa fam 2,500. A shafin gwamnati na intanet za ka saya, kada ka bi ta wasu shafuka masu ƙara kuɗin dillanci. Ta biyu izinin mai ruwan. Kusan kowane yanki na kogi yana da mai shi ko ƙungiyar da ta karɓi haya, kuma lasisin gwamnati bai ba ka ikon taka gaɓar kowa ba. Janairu ne lokacin rubuta wa ƙungiya takardar neman shiga, domin wasu suna da layin jira. Ka karanta dokokinsu da kyau, akwai waɗanda ba sa buɗe nasu ruwan sai 1 ga Afrilu.

2. Wanke kaya, duba su ɗaya bayan ɗaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi wani dare da ake zabga ruwa a waje, ka shimfiɗa tsohon zane a ƙasa ka baje komai.

Sanda: rarraba gaɓoɓinta, goge da tsumma mai ɗan danshi, bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar cikin kube. Sanda mai laima a rufaffen kube tana yin fumfuna, mariƙinta ya ruɓe. Ɗauki ɗan auduga ka zura ta cikin kowane zobe. In zaren audugar ya maƙale, zoben ya tsage ko igiya ta ci shi ta yi masa rami, kuma zai yayyanka maka sabuwar igiya cikin mako biyu. A canza shi. Shafa kyandir kaɗan a inda gaɓoɓi ke shiga juna, don kada su kwance ana cikin jifa, kada kuma su cije su ƙi fita.

Kwarkwaro: cire kan, fitar da yashi da tsohon buroshin haƙori, ɗiga mai ɗigo ɗaya a sandar tsakiya. Kada mai ya taɓa birkinsa. Sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye.

Igiya: warware ta duka cikin roba mai ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, bar ta minti 10, sannan ka ja ta cikin tsumma daga farko har ƙarshe, ka ɗauraye. Za ka yi mamakin baƙin da zai fito. Duba mita 3 na gaba a ƙarƙashin fitila. In ka ga ƙananan tsaga kamar faso, ruwa zai riƙa shiga tana nutsewa. In tsagar a bakin ce kawai, yanke wurin ka sake madauki. In ta yi nisa, igiyar ta gama aiki, amma kada ka jefar, za ta yi maka amfani a mataki na 5. Kada ka wanke igiya da sabulun wanke kwanuka mai ƙarfi ko fetur, suna busar da fatarta.

Nailan: rana da zafi suna kashe shi ba tare da ido ya gani ba. Yi ƙulli a guntu ka ja da hannu. In ya tsinke ba gardama, zubar da ƙunshin duka, amma ka yayyanka shi gutsi-gutsi tukuna don kada ya harɗe tsuntsu.

3. Wandon ruwa da rigar ceto

Shekarata ta biyu na shiga kogi ranar buɗewa ban gwada wando ba. Kafin rabin sa'a ƙafata ta hagu ta cika da ruwan sanyi, na daina jin yatsuna, dole na fito na bar ƙwari suna tashi kifi yana ci. Tun daga ranar ban sake tsallake wannan mataki ba.

Juya wandon ciki ya koma waje, fesa sifirit a gwiwa da cinya da wajen ɗinki. A irin yadin nan mai numfashi, duk inda ƙaya ta huda zai fito da ɗan baƙin ɗigo. Zagaye shi da biro, bari ya bushe, shafa gam siriri, ka bar shi ya kwana. In babu sifirit, shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila cikin ƙafar wandon, haske zai tsirto ta hudar. In wannan ma bai nuna ba, zuba ruwa a ƙafa ɗaya iya gwiwa a cikin bahon wanka ka ga inda zai tsatso. Kada ka cika wandon duka, nauyin ruwan zai ɓarka ɗinki. Rataye shi za ka yi a wuri mai iska, ba a ninke ba, ba kuma kusa da hita ba.

Rigar ceto: kwance ƙaramar tukunyar gas ɗin, ɗora ta a sikelin kicin, ka gwada da nauyin da aka buga a jikinta. In ta ragu, sayi wata. Duba ranar ƙarewar aikin abin da ke tayar da ita in ya jiƙe. Sannan hura rigar da baki ta bututunta ka bar ta kwana guda. In da safe ta saki, ba ta da amfani.

Akwai kuma wanki na daban da za ka saba da shi duk lokacin da za ka sauya kogi. Wani jatan lande na ruwan daɗi da aka shigo da shi daga Amurka yana ɗauke da cutar da ke kashe jatan landen da yake ɗan asalin Ingila, kuma cutar tana bin jiƙaƙƙen takalmi da raga. Jiƙa su a ruwan zafi mai digiri 45 na minti 15, sannan su bushe ƙarau aƙalla kwana 2.

4. Ɗaura ƙuda

Nan ne daɗin hunturu yake. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, dare ya yi tsawo, iska tana kaɗa taga. Ka yi sallar isha'i, ka haɗa shayi, ka kunna fitila a tebur.

Kuskuren farko da kowa ke yi shi ne son ɗaura iri 30. Kada ka yi. Iri 3 ko 4 sun ishe ka watan farko, amma kowanne ka ɗaura dozin. Na farko da na biyu za su fito a karkace, wajen na shida hannunka zai fara ganewa, na goma sha biyu shi ne zai yi kama da abin kirki.

Fara da wanda ake kira Partridge and Orange, tsohon ƙudan mutanen Yorkshire ne, zare da gashi ɗaya kawai. Ga yadda ake yi:

Kafa ƙugiya lamba 14 a mariƙi, bayanta a miƙe. Ja zare ruwan lemo a kan kyandir sau biyu. Fara naɗi kaɗan bayan idon ƙugiya, ka bar ɗan fili kamar kaurin idon. Yi ta naɗawa baya, kowane zagaye yana manne da ɗan'uwansa, har ka zo daidai saitin tsinin ƙugiya. Tsaya nan, kada ka kai lanƙwasa. Dawo gaba haka nan a jere. Zaɓi gashin bayan makwarwa mai ruwan ƙasa wanda tsawon silinsa ya kai tsawon ƙugiyar ko ya ɗara kaɗan. Fige lallausan gashin gindinsa, riƙe bakinsa, shafa sauran silin baya. Ɗaure bakin da zagaye 3, yanke abin da ya yi saura. Kama gindin gashin ka naɗa shi zagaye ɗaya da rabi, iyaka biyu, kana shafa silin baya da yatsa. Danne da zare, yanke, yi ɗan ƙaramin kai, ƙulle.

Abin da zai ba ka wuya shi ne yarda cewa gashi kaɗan ya isa. Ido yana son ƙuda mai cika, kifi kuwa mai ƙarancin gashi yake so, domin silin da ba su cunkushe ba su ne ke motsi cikin ruwa kamar ƙafafun ƙwaro. In kana iya ƙirga silin, ka yi daidai. Gashin makwarwa kuma yana da saurin tsinkewa. In ya tsinke a hannunka, warware zagaye biyu ka sa wani, kada ka yi ƙoƙarin rufe ɓarnar da tulin zare.

Da ka iya wannan, sauya zare zuwa rawaya, ka manna masa gashi mai toka-toka ɗan kaɗan yadda rawayar za ta riƙa lekowa, ka sa gashin tsuntsu ruwan toka. Ka sami Waterhen Bloa ke nan, wanda ke kwaikwayon ƙwaron da ya fi tashi a ƙarshen Maris.

Na uku tsutsar wutsiyar fizan, ƙuda mai kama da tsutsar ƙwaro ta cikin ruwa, wadda Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a kudancin Ingila, ya ƙirƙira da wayar tagulla da silin wutsiya kawai. Mu yanzu mukan zura dutsen tungsten a ƙugiya tukuna don ta nutse da sauri. Sili 4 za ka ɗaure a baya, bakinsu ya zama wutsiya gajeriya, ka naɗa sauran gaba ya zama jiki, sannan ka bi da waya ta ɗaya hannun, wato saɓanin yadda ka naɗa silin. Wannan saɓanin shi ke hana haƙorin kifi warware ta. Ɗaura wasu da dutse 2.5, wasu da 3, domin zurfin ruwa ba ɗaya ba ne.

Na huɗu, in kana so, mai yawo a saman ruwa irin Klinkhamer. Yana da ɗan wuya ga sabon hannu, ba laifi ka sayi shida a shago ka bar koyonsa sai baɗi.

Kashedi biyu. In ƙugiyar mai ƙaya ce, danne ƙayar da filaya kafin ka fara ɗauri, ba bayan ka gama ba, don wani lokaci ƙugiyar kan karye. Sannan asu. Duk gashin da wani ya ba ka kyauta, sa shi a leda mai zif ka jefa firiza mako guda, ka fitar kwana biyu, ka sake mayarwa, kafin ya kusanci sauran kayanka. Na taɓa rasa fatar makwarwa sukutum da rabin akwatin ƙuda saboda ƙunshi ɗaya da ban yi wa haka ba. Mushen tsuntsu na bakin hanya kuwa bar shi inda yake, ga murar tsuntsaye tana yawo.

5. Ƙulli da jifa

Ƙulli biyu sun isa. Na ɗaure ƙuda: zura nailan ta ido, murɗa bakin sau 5 a jikin uwar, dawo da shi ta ƙaramar kafar da ke jikin ido, sannan ta babbar kafar da ka yi yanzu, jiƙa da yawu, ja a hankali. Na haɗa nailan biyu: jera su su haɗu kamar tsawon taƙi, yi zobe da su tare, zura su ciki sau 3, jiƙa, ja duka bakin huɗu lokaci ɗaya. Bakin da ya kalli ƙasa shi ake barin sa da ɗan tsawo a ɗaura ƙuda na biyu. Wanda ya kalli sama yankewa ake yi, in ka ɗaura a kansa zai tsinke. In ka iya su a ɗaki, tsoma hannu a ruwan sanyi minti ɗaya ka sake gwadawa, domin haka yatsunka za su kasance a bakin kogi.

Jifa kuma a filin ciyawa ake koyo, duk ranar da iska ta lafa. Sa tsohuwar igiya, ciyawa tana cin sabuwa. Ɗaura guntun ulu maimakon ƙuda, sa tabarau, ajiye faranti a nisan mita 8, wani a 12. Kifin kogi akasari a wannan tazara ake kama shi, neman nisa ɓata lokaci ne. Ɗaga sanda, tsayar da ita cak da ta ɗan wuce kunnenka, jira igiya ta miƙe a baya, sannan ka turo gaba. In ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi gaggawa. In igiya tana dukan ƙasa a bayanka, wuyan hannunka ne ke karyewa. Cusa gindin sandar cikin hannun rigarka, zai hana. Minti 20 sau biyu a mako ya fi awa 3 rana ɗaya. Kafin ka ɗaga sanda a ko'ina, dubi sama: sandar kabon tana jan wutar lantarki, ko ba ta taɓa waya ba in ta kusance ta.

6. Koyi karatun kogi tun kana gida

Wannan shi ne ainihin jiran. Wharfe kogin ruwan sama ne, daga tsaunuka yake samun ruwansa. Ana iya rana tas a Otley alhali an kwana ana ruwa can sama wajen Kettlewell, bayan 'yan sa'o'i sai ka ga ya taso. Wanda ya ga wani ɓangare na gadar Tadcaster da ke kan Wharfe ya rufta a ƙarshen Disambar 2015 ba ya yi wa wannan kogi kallon raini.

Gwamnati tana da ma'aunan tsayin ruwa a gaɓar koguna, kuma ana ganin lambobinsu kyauta a shafinta na gargaɗin ambaliya. Nemo ma'aunin da ya fi kusa da inda za ka yi fatsa, kamar na Addingham, da wani a sama da shi. Lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka haɗa ta da abin da idonka ya gani. Don haka duk ranar da ka sami sarari, duba lambar, ka je bakin kogin ba tare da sanda ba, ka rubuta a littafinka: kwanan wata, tsayin ruwa, yana hawa ne ko yana sauka, launinsa, wane dutse ne ya nutse wane ne ke waje. Zaɓi dutse ɗaya ko ƙafar gada ta zama alamarka. Kafin Maris za ka sami lambobi uku na kanka: wadda ake shiga ruwa lafiya, wadda sai dai daga gaɓa, da wadda ake zama gida. Ba wanda zai ba ka waɗannan, domin kowane yanki da nasa.

Launi ma magana yake. In ruwan ya yi kamar shayi ba madara, ja amma kana hangen takalminka a zurfin gwiwa, wannan rinin ƙasar tsaunuka ne, kifi yana ci. In ya koma shayi da madara, ko ya yi kauri kamar kunu yana ɗauke da rassa, koma gida. Ruwa mai sauka yana washewa ya fi kowane kyau. Ruwa mai hawa kuwa ko yana da haske kada ka shiga. Akwai kuma na narkewar dusar ƙanƙara, mai wani kore-kore fari-fari: rana ta yi ɗumi, kai kana murna, amma ruwan ya fi na jiya sanyi, kifi ya lafe a ƙasa ya rufe baki.

Hukumar hasashen yanayi tana ba da gargaɗi kala uku, rawaya, ruwan goro da ja. Ko rawaya ce ta iska, kada ka bi ƙarƙashin itatuwan gaɓa.

Bayan kowace babbar ambaliya, in ruwa ya koma, sake zagayawa. Kogin da ka bari a Satumba ba shi za ka tarar ba. Tsakuwa ta matsa, rami ya buɗe inda da kake tsallakawa, itace ya faɗi ya yi wa kifi sabon gida, gaɓa ta zaizaye ta ƙasa tana jiran mai taka ta. Zana taswira a littafin. A irin wannan yawo ne za ka ga wuraren ƙwai: a ƙarshen gurbi inda ruwa ya fara sauri, za ka ga wani fili na tsakuwa mai haske kamar an share, da ɗan tudu a bayansa. Uwar kifi ce ta tona da wutsiya ta zuba ƙwai ta rufe. Suna nan cikin tsakuwar har bazara, ko ranar buɗewa ba su gama fita ba. Taku ɗaya yana hallaka ɗaruruwa. Sa alama a taswira ka riƙa kewayewa.

In ka ga matattun kifi ko ruwa ya canza launi yana wari, kira layin hukumar muhalli, 0800 80 70 60. Kuma in kana da rauni a hannu, rufe shi da filasta kafin ka taɓa ruwan bayan ambaliya, akwai cutar da fitsarin ɓera ke bazawa.

7. In rana mai kyau ta faɗo, nemi gireling

Ba dole ka yi wata uku ba ka jiƙa igiya ba. Gireling yana ci cikin sanyi, kuma halal ne a doka har 14 ga Maris, in ƙungiyarka ta yarda. Ranar da ake so ita ce wadda aka yi kwana 3 ko 4 ba ruwan sama, kogi ya sauka ya washe, iska ta kwanta. Daga ƙarfe 11 zuwa 2 ya isa. Azahar da la'asar a wannan lokaci kusan manne suke, don haka nakan fito da alwalata daga gida, darduma tana mota.

Sa tsutsar wutsiyar fizan biyu, mai nauyi da mara nauyi, ka jefa kusa, ka bar su su gangara suna taɓa ƙasa, sanda a ɗage. A garke suke zama, in ka sami ɗaya tsaya nan. In tirawut ne ya kama, sake shi cikin ruwa ba tare da ka ɗaga shi ba. In suka yi ta kamawa, bar wurin.

Kada ka sa auduga a ƙarƙashin wandon ruwa, ko jins ko shadda, tana riƙe gumi ta daskarar da kai. Ulu ko sufeta mai laushi, hawa biyu. Safa kada ta matse, matsi ke kawo sanyin ƙafa. Ɗaure bel tamau. Kada ruwa ya wuce cinyarka. Gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowa. Iya ruwa fidda kai, kuma ruwan Janairu ba ya tambayar ko ka iya iyo a gulbin garinku: da ka faɗa numfashinka zai ƙwace. Kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba wajen gangara, jira numfashi ya dawo, ka karkata zuwa gaɓa, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa sai ruwa ya zama iya gwiwa. Ajiye busassun kaya da fulas na shayi a mota. Matsatsin nan da ake kira Strid kusa da Bolton Abbey kuwa, inda kogin duka ya matse tsakanin duwatsu, ya ci mutane da dama. Kallo daga nesa kawai.

8. Makon ƙarshe

Tabbatar lasisi bai ƙare ba, katin ƙungiya yana aljihu. Ja igiya tsakanin hannayenka gaɓa-gaɓa don lanƙwasar da ta yi a kwarkwaro ta miƙe. Sa sabuwar tsarkiya. Jera ƙuda a akwati ɗaya ƙarami. Fara bin ma'auni da hasashe kwana 5 kafin ranar, kuma ka sa a ranka cewa 25 ga Maris na iya zuwa da ambaliya ko ƙanƙara. In lambar ta kai ta zama gida, zauna. Kogin yana buɗe har ƙarshen Satumba.

In ta yi kyau, kada ka yi sammako. A ƙarshen Maris ruwa bai yi ɗumi ba, kifi ba ya motsi da sassafe. Isa wajen ƙarfe 10 da rabi, haɗa sanda, zauna a gaɓa kusa da gurbin da ka zana a taswira. Ƙwaron da muke jira, mai fiffike ruwan toka a tsaye kamar filafilan jirgin ruwa, yakan fara fitowa tsakanin 11 da rabi da 2, kuma ya fi son rana mai lumshi da yayyafi a kan mai haske. Wani lokaci tashin nasa minti 20 ne kacal, shi ya sa ake so ya same ka a shirye. Alamar farko ƙananan tsuntsaye ne za su fara shawagi ƙasa-ƙasa a kan ruwa. Kafin nan ka riga ka ɗaura Waterhen Bloa a reshen sama, wato bakin nailan da ka bari da tsawo a ƙullin haɗi, Partridge and Orange a ƙarshe, tazarar kamu biyu a tsakaninsu. Shiga a hankali iya ƙauri, jefa gajere wajen da ruwa ke gangarowa, a karkace, ɗaga sanda kana bin igiya yadda ruwa ke dawo da ita, in ta tsaya ko ta ɗan ja, ɗaga hannu.